Abin da na koya daga sayen hannun jarin jiga-jigan kamfanoni

Na fara sayen hannun jari a shekarar 2007, ina ƙaramin ma'aikaci a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja. A lokacin bankuna sun fito daga garambawul ɗin da Babban Banki ya yi a zamanin Charles Soludo, wanda ya wajabta wa kowane banki mallakar jarin naira biliyan 25, kuma suna ta tallar hannun jarinsu a rediyo da jaridu. A motar da nake shiga daga Kubwa zuwa ofis babu hirar da ake yi sai ta wane da ya saya a naira goma ya sayar a ashirin. Da na kwashi adashina na naira dubu 300, sai na tafi Wuse na cike fom, na zuba kuɗin gaba ɗaya a banki guda, ba tare da na taɓa buɗe rahotonsa na shekara ba. Hujjata ita ce sunansa ya cika gari, kuma rassansa masu gilashi suna kan kowane babban titi.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari, wato adadin da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jarin kamfanoni gaba ɗaya, ya haura maki 66,000, amma kafin shekara ta zagayo ya gangaro zuwa wajen 20,000. A watan Agustan 2009 kuma Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Abin da na saya ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗina ba, na jefa takardar shaidar a ƙasan akwati, na ƙudurta cewa ni da wannan kasuwa har abada.

Wanda ya sauya mini tunani wani dattijo ne a sashenmu, mataimakin darakta da ya kusa ritaya. Wata rana bayan azahar na kai masa fayil, hira ta kawo mu kan asarar da na yi, sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wata tsohuwar ambulan da aka ɗaure da roba. A cikinta akwai guntayen takardun rabon riba na wani kamfanin kayan abinci, an jera su shekara bayan shekara, na farkon har sun yi ja don tsufa. Ya ce, "Ɗana, ka ƙirga su." Na ƙirga, na ce, "Ranka ya daɗe, sun haura ashirin." Ya ce, "To, kafin ka ba kamfani kuɗinka, ka tambaye shi irin waɗannan nawa ya taɓa rabawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

A bakinsa na fara jin abin da Turawa ke kira bulu-cif. Sunan ya samo asali ne daga teburin karta a Amurka, inda ake wakiltar kuɗi da 'yan faya-fayai masu launi, shuɗin cikinsu kuma shi ne mafi daraja. 'Yan kasuwar hannun jari suka ari kalmar suka laƙaba wa kamfanonin da suka daɗe, suka yi girma, suke sayar da abin da mutane ba sa iya rabuwa da shi, kuma suka saba raba riba ko kasuwa ta yi daɗi ko ta yi tsami. Babu wata hukuma da ke ba kamfani wannan laƙabi a hukumance. Tarihinsa ne ke jawo masa. A Amurka akan duba kamfanoni 30 da ke cikin ma'aunin Dow Jones, irin su Coca-Cola da Microsoft. A nan gida, kasuwar da ke Legas, wadda aka kafa a 1960 kuma ake kira NGX tun 2021, tana da nata jerin manya 30, kuma sunayen da ake yawan ambata sun haɗa da Dangote Cement, wanda ya shiga kasuwar a 2010, da MTN Nigeria da Airtel Africa da suka shiga a 2019, da BUA Foods, da Nestle, da Zenith Bank.

Sai a 2016 na sake shiga. Na nemi dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, ya buɗe mini asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jari a kwamfuta maimakon takarda. Da yake ba na son kuɗina ya shiga harkar kuɗin ruwa ko ta giya, na jingina da ma'aunin Lotus na Musulunci da kasuwar ke wallafawa, wanda ke tace kamfanonin da sana'arsu da yawan bashinsu suka dace da shari'a. Wannan ya rage mini zaɓi ƙwarai, domin manyan kasuwar da dama bankuna ne, amma ya bar mini siminti da abinci, daga baya kuma da sadarwa, kuma ina saye kaɗan-kaɗan duk wata uku daga abin da na rage a albashi.

Amfanin girman kamfani da ban taɓa tunaninsa ba sai da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, aka ce a biya kuɗin tiyata cikin mako. Na kira dillalina da safe na ce ya sayar mini da kashi biyu: na wani babban kamfanin siminti, da na wani ƙaramin kamfani da na saya saboda arha. Kafin a tashi kasuwa ranar ya kira ya ce na simintin ya tafi, kuma bayan 'yan kwanaki kuɗin suka shigo asusuna. Na ƙaramin kuwa ya yi mako uku a kan allo babu mai tayawa. Farashin da ake rubuta wa hannun jari ba shi da amfani ga mai buƙata idan babu mai saye, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai ƙaramin albashi ya tsaya ga manya.

Duk da haka, ba zan ce wa kowa babban kamfani ba ya faɗuwa ba. Kodak, wanda ya mamaye harkar hoto a duniya tsawon shekaru, ya durƙushe a 2012, kuma General Electric, wanda yake cikin ma'aunin Dow Jones na farko a 1896, an cire shi a 2018. Ni kaina na ɗanɗana a 2023, lokacin da aka saki naira a watan Yuni darajarta ta zube. Kamfanonin da suka ci bashi da dala amma suke ciniki da naira sun wayi gari bashinsu ya kumbura, wasu manya suka bayyana asara duk da cewa cinikinsu ya ƙaru, kuma ɗaya daga cikin waɗanda nake riƙe da su bai raba ko kwabo ba. Bayanin bashin nan yana cikin rahoton shekara da ake aiko mini, a shafukan baya da nake tsallakewa. Yanzu daga can nake fara karatu: nawa ake bin kamfanin, da wane kuɗi, kuma yaushe zai biya.

Akwai kuma lissafin da ya fi wannan ɗaci. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, saboda haka wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 20 a shekarar, a zahiri buhunan shinkafar da kuɗinsa za su saya sun ragu. Ga harajin kashi 10 da ake cirewa daga ribar da aka raba tun kafin ta iso hannu, ga ladan dillali a saye da sayarwa. Shi ya sa na daina auna jarina da yawan naira, na koma tambayar ko ribar da aka raba mini a shekara ta biya kuɗin makarantar yaro guda, kamar yadda ta biya a shekarar da ta gabata.

Dattijon nan ya rasu bayan ya yi ritaya, Allah ya jiƙansa. Da muka je gaisuwa, babban ɗansa ya nuna mini ambulan ɗin, ya ce ba su san abin da za su yi da ita ba. Sai da muka yi wata takwas muna zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin rijistara, wato mai riƙe da rajistar masu hannun jarin kamfani, kafin a mayar da hannun jarin ga magada, a kuma biya su ribar da ta taru. Da na dawo gida na sayi ƙaramin littafi, na rubuta lambar asusuna ta CSCS, da sunan kamfanin dillancin, da rijistaran kowane kamfani, da asusun bankin da riba ke shiga kai tsaye, da watan da nake fitar da zakka. Na zauna da uwargidana muka bi shi shafi-shafi, sannan na nuna mata inda nake ajiye shi.