Saman sif da ƙarƙashin gado: sana'ar kintsa gida a Bauchi

Da yawa na ɗauka shara da goge-goge muke yi. Muna yi, amma ba don su ake kiranmu ba. Ni da yarana mata aikinmu kintsa gida ne: sito, kicin, da lungun nan da uwargida ke saurin sakin labule a kansa in baƙi sun yi sallama. Kira ya fi zuwa daga GRA, Fadaman Mada da Yelwa, musamman gab da azumi ko in biki ya matso.

A gidajenmu yawancin tarkace kayan aure ne. Leƙa saman sif ki gani: kuloli a kwalinsu tun ranar jere, tangaran da ba a taɓa cin tuwo a ciki ba, akwatin lefe maƙare da atamfofin anko da aka ɗaura sau ɗaya. Ƙarƙashin gado kuwa Gana-mas-go ce cike da kayan yaron da yanzu yake jami'a. Ƙurar hunturu ta kwanta, damina ta bar warin danshi, kyankyasai sun samu gida.

Ko cokali ba na jefarwa da kaina. Tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida, mu fito da komai, mai gidan ta zauna a kujera.

"Hajiya, wannan kular yaushe rabon da a zuba abinci a ciki?"

"Ai Inna ce ta saya mini, Allah ya jiƙanta."

Shi ke nan, wannan ta zauna, ba na ƙara magana. Sauran biyar ɗin da ke bayanta fa? Nan dillaliya ke shigowa, kuma gaskiya ita ce rabin sana'ata. Matar da za ta ɗaure fuska in an ce a zubar, da ta ji an ce a sayar sai ta fara miƙo wasu da kanta. Matacciyar fanka da tsoffin tukwane kuma 'yan gwangwan su auna su biya.

Sito ba ya son dabara mai yawa. A ɗora buhu kan katako, a janye shi daga bango, don siminti na ba hatsi danshi. Wake da gari su shiga bokiti mai murfi da ke rufuwa ruf, akwai su a kasuwar Wunti da Muda Lawal, ba sai an sayi na ƙawa ba. Kafur na tufafi ne, kada ya kusanci abinci.

Takardun maigida ba ma taɓawa, ko da tsohon rasit ne. A gida mai mata biyu kuwa, kafin mu ɗaga ko murfin tukunya sai na tambayi ta wace ce. Kuɗin aiki ma ba na yankewa da hoton WhatsApp, domin ba wadda ke ɗaukar hoton bayan ƙofa. Sai na je na gani.