Asabar, da ƙoramar rami na 14

Hazo ya sauka sosai yau. Bakwai saura kwata muka fita wasan golf, mu uku kamar kullum, tutar farko ma da ƙyar ake hango ta. Fili ya bushe ƙayau, ƙwallo in ta dira sai ta yi ta gudu kamar an biyo ta. Kanar ya zo da sabuwar hula. Likita ya makara da minti goma. Har rami na 13 raha ake ta yi.

Na 14 ne ya biyo ni gida.

Kun san shi: par 5, wato bugu biyar aka ƙayyade masa, yadi 505 daga farin ti inda ake bugun farko, ƙorama ta gitta gaban girin, wato lallausan filin da rami yake, da turakunta masu ruwan ɗorawa. Ruwanta ya ja baya yanzu, saura taɓo da ɗan kwantacce, amma doka ba ruwanta da zurfi, in ba ka iya buga ta daga ciki ba, faɗawa ɗaya bugu ɗaya ne na tara. Su biyun suka yi bugun farko mai kyau da direba, sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, ƙasa ta ƙara musu gudu, ƙwallayen suka kwanta kusa da juna. Kadin Kanar, yaron da ke ɗaukar masa sanduna, ya auna ya faɗa a fili: 190 zuwa bakin ƙorama, 205 kafin a tsallake, 230 zuwa tsakiyar girin. Iska na bugo fuska kaɗan.

"Yallaɓai, a ajiye ta a nan kafin ƙorama mana," in ji yaron, har ya zaro ƙarfe bakwai, sandar da ba ta kai ƙwallo nesa sosai.

"Ajiya a banki ake yi. Ba ni katako uku." Wato sandar nesa yake so, ya tsallake ƙoramar.

Likita ya ce, "Yaya Kanar, tsakaninka da Allah, sau nawa ka tsallake ta a bana?"

"Ba na ƙirga abin da ya wuce."

Ya buga. Ƙwallon ba ta ma fita daga tsakiyar fuskar sanda ba, ta tafi ƙasa-ƙasa, ta daki gaɓar can da bai fi taku biyu ba, ta yi tsalle, ta gangara har gefen girin. Fot biyu, wato gangara ƙwallo zuwa rami sau biyu, ya rubuta 4. Likita kuwa ya girgiza kai, ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya karɓi ƙarfe biyar don ya ajiye. Ya same ta tsaf, irin bugun da yake nema tun safe bai samu ba. Ta dira wajen 165, ta kama gudu a kan busasshiyar ƙasa, muna kallo ta shige taɓo. Tara ya zama na uku, na huɗu ya hau bakin girin, fot uku, 7.

Daga nan har muka zauna shan shayi Kanar bai bar shi ya huta ba. "Matsoraci ba ya zama gwani, ƙanina." Ya faɗa ya fi sau biyar. Likita yana murmushi, amma kunnuwansa sun nuna.

Ni ke riƙe da kati, don haka da na dawo na juya bayansa na yi lissafi. Katako ukun Kanar, ranar da ya same ta daidai, yadi 210 take yi a sama kafin ta dira. Tsallakewa na son 205, ga iska a fuska. Tazarar da ya bar wa kansa ke nan ba ta kai tsawon mota biyu ba. A ce ya tsaya a wurin sau goma. Bisa yadda nake ganin bugunsa, uku za su tsallake, ya tashi da 4 ko 5, a ce 4.5. Biyar za su faɗa ƙorama: ya koma baya bisa layin tuta da inda ƙwallon ta shiga, ya saki daga tsayin gwiwa, yana buga na huɗu, ya tashi da 6 ko 7, a ce 6.5. Biyu zai daki kanta ta mirgina, 6. Jimla 58, wato 5.8 kowane zuwa. In kuwa ya ajiye da ƙarfe bakwai sau goma, ina ba shi 4 guda ɗaya, 5 guda biyar, 6 guda uku, 7 guda ɗaya. Jimla 54, wato 5.4. Bambancin bugu huɗu ne a zagaye goma. Ba shi da yawa, shi ya sa ba wanda ke jin sa a jiki, amma 4 ɗin nan ta yau za a yi wata uku ana ba da labarinta.

Matsalar 'yan golf irinmu ita ce da bugun ranar sallah muke lissafi. Ka tambayi mutum nisan ƙarfensa bakwai, sai ya faɗa maka wanda ya taɓa yi sau ɗaya da iska a bayansa. Lambar da ta kamata a riƙe ita ce ta tsakiya cikin ƙwallo goma, kuma ta sama, ba a haɗa da gudun ƙasa ba, domin ƙorama ba a tsallake ta da gangare.

Amma abin da ya fi cina shi ne Likita, don shi ne yake da gaskiya kuma shi ne ya ɓata ta. Ya zaɓi ya ajiye, bai zaɓi inda zai ajiye ba. Ya dai ɗauki sandar da ta gaza katako uku ya buga gaba. Ajiya tana da ƙa'ida. Ka fara da nisan bakin haɗarin, 190 a nan. Ka cire yadi 20 na kariya, saura 170. Ka cire gudun ƙasa, wanda a wannan hunturu kan kai 20 zuwa 30 ga ƙarfe mai tsawo, da damina kuwa da ƙyar ya kai biyar. Saura 140 zuwa 150 a sama. Sannan ka ɗauki sandar da ko ka same ta fiye da kullum ba za ta wuce wannan lambar ba. A tsallake ana tambayar mummunan bugu ko zai kai. A ajiya ana tambayar kyakkyawan bugu ko zai wuce. Ƙarfe bakwai ɗin da yaron nan ya zaro wa ubangidansa shi ne amsar Likita. Da ya bar masa yadi 60 zuwa tsakiyar girin, weji ɗaya, wato sandar bugun kusa.

Akwai kuma abin da ke faruwa da hannu. Mutum in ya yanke shawarar ajiyewa sai jikinsa ya saki, ya daina takura sanda, sai ƙwallo ta fita fes ta wuce lissafinsa da yadi goma. Ko kuma akasin haka, ya yi bugun ganin dama ba tare da ya zaɓi wuri ba, ta kauce cikin ciyawa. Ajiya ma ana nufin wani abu da ita: wancan baƙin tabon ƙasa, gefen hagu inda kwana zuwa tuta ya fi buɗewa.

David Toms ya nuna yadda ake yi a gasar PGA ta 2001 a Atlanta. Ramin ƙarshe, par 4, ruwa a gaban girin, yana gaban Phil Mickelson da bugu ɗaya. Ƙwallonsa ba ta kwanta yadda yake so ba, sai ya ƙi tsallakewa, ya ajiye ya bar wa kansa yadi 88, ya ɗora weji, ya zura fot na ƙafa 12, ya ɗauki kofi. Zach Johnson ya ci gasar Masters ta 2007 bai nemi hawa girin da bugu biyu a par 5 ko ɗaya ba duk kwana huɗun, kuma a ramukan nan 16 ya sauka ƙasa da par da 11. Sai dai shi ya san wejinsa kamar yunwar cikinsa. Wanda wejinsa ke hawa girin sau huɗu cikin goma ba zai kwaikwayi Johnson ya ga riba ba.

Kada Likita ya karanta wannan ya ɗauka na ce a riƙa noƙewa. Lissafin da Mark Broadie na jami'ar Columbia ya yi a kan tarin bugun ƙwararru da na 'yan sha'awa ya nuna matsowa kusa da rami ya fi ja da baya riba, muddin babu tara a hanya. Tsohuwar maganar nan ta a bar wa kai cikakken weji na yadi 100 ba ta fi yadi 50 ba ga yawancin mutane. Haka a kan ti: inda gefe biyu ciyawa ce kawai, direba ya dace, ko da za ta kauce. Inda fararen turaku suke, wato wajen fili, lamarin ya sauya, don can ana biyan bugu ana kuma komawa inda aka taso, ka tsinci kanka kana buga na uku daga ti. Sannan tuta. In an dasa ta taku huɗu bayan ramin yashi, tsakiyar girin ake nufa. A Masters ta 2019, rami na 12 ranar Lahadi, Molinari da Koepka da Finau da Poulter duk sun jefa ƙwallo a ruwa. Tiger Woods ya buga can hagu nesa da tuta, ya yi fot biyu, ya wuce abinsa da par.

Kanar ya kawo maganar Jean van de Velde, ɗan wasan Faransa, wajen shayi, wai ko shi ai namiji ne, ya mutu a tsaye. Gasar Open a filin Carnoustie na Scotland, 1999, yana gaba da uku a ramin ƙarshe, 6 ma ta ishe shi, ya yi 7, Paul Lawrie ya ci a bugun raba gardama. Kowa na tuna shi ya naɗe wando ya shiga ƙoramar Barry. Ni ina ganin ana yi masa rashin adalci a bugu na biyu. Ƙarfe biyun da ya buga, da ta shige cikin rumfar 'yan kallo ta zauna, sauƙi zai samu ba tara. Ƙarfen rumfar ta daka ta dawo baya cikin doguwar ciyawa. Duk da haka weji biyu a jere sun ishe shi daga inda direbansa ta tsaya, kuma mai neman 6 ba shi da dalilin ba wa tsautsayi ƙofa.

Wuri ɗaya zan ba Kanar gaskiya. Da wasan rami-da-rami muke yi, yana baya da biyu saura biyar, ko kuma Stableford, wasan tara maki, inda mummunan rami sifili ne kawai ba ya bin ka har gida, katako uku na da hujja. Yau kuwa ƙirgar bugu muke yi, kuma yana gaban Likita da ɗaya.

Nawa wasan ba abin faɗa. 91.

Tayar baya ta sake saukewa. Hajiya ta yi waina, na ci biyu na ture. An ɗauke wuta tun la'asar.

Yaron nan nake ta tunani. Ya auna daidai, ya karanta iska daidai, ya zaro sandar da ta dace, aka yi masa dariya, ƙwallo kuma ta goyi bayan mai dariyar. Da muka zo na 16, inda ake yanke kwana bisa bishiyoyin darbejiya, Kanar ya juya ya ce, "To malam mai lissafi, me ka gani?" Yaron ya dubi ƙasa ya ce, "Duk wadda ka ga dama, Yallaɓai." Bai ƙara zaro sanda da kansa ba har muka gama.

Likita ya turo saƙo yanzu, wai Talata da yamma mu je wurin atisaye da ƙwallo hamsin, goma-goma kowace sanda, in riƙe masa biro.