Darasin "out": fita ne ko fitowa?

Ɗalibi yakan haddace cewa "out" na nufin waje, ya riƙe hakan har ya shiga ɗakin jarrabawar WAEC, inda tambayoyin cike gurbi ke kama shi. Abin da aikin koyarwa da fassara ya nuna shi ne Turanci ya cusa abu biyu cikin kalma ɗaya, Hausa kuwa ta raba su tun asali: fita da fitowa.

Idan abu ya bar inda kake, ya fita. "The manager is out" na nufin manaja ba ya nan, wataƙila ma ya bar gari. Wanda ke tsaye a bakin ƙofa shi ake ce wa "outside", kuma mai amsa waya a ofis da ya rikita biyun zai sa baƙo zaman jiran banza. Daga wannan tushe ne ƙarewa da mutuwa suka samo asali: "the fire is out" wuta ta mutu, "out of stock" kaya sun ƙare, "out of order" a jikin na'urar ATM ta lalace.

Idan kuwa abu yana ɓoye ya bayyana, ya fito. "The results are out" sakamako ya fito. Shi ya sa "the stars are out" da "the lights are out" suke kishiyoyi duk da ginin jimlar ɗaya ne: taurari sun fito, fitilu sun mutu. Don haka a fara da tambaya ɗaya: abin da ake magana a kansa, a ɓoye yake da ma, ko yana nan yana ci kamar wuta?

Inda "out" ta manne da aikatau, wannan dabara ba ta isa ba, sai ƙamus, kuma a duba ƙarƙashin aikataun. "Pass out" suma ne, amma ɗan hidimar ƙasa na NYSC da ya yi "passing out" ƙalau yake, shekararsa ya kammala. Wakilin suna kuma tsakiya yake shiga: "put it out", ba a cewa "put out it".

A lissafi ma akwai tarko. "Seven out of ten" bakwai cikin goma ne, ba a ɗebe komai ba, kuma ɗalibin da ya ɗauka ragi ake nufi zai rubuta uku.