Awa Biyu A Tsibirin Gore

Ran Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a shago, nan titin Bauchi, da wata takarda a hannu. Su bakwai ne 'yan zawiyarsu suka yi adashi za su Maulidin Kaulaha ta ƙasar Senegal bana, shi ne ya kawo in duba musu tsarin tafiya tunda ni na je sau biyu. Kwana biyar a Madina Baye, kwana ɗaya a Dakar don tsaraba. Can ƙasan takardar kuma, da ƙananan baƙaƙe kamar abin da aka tuna daga baya, an rubuta: Gore, awa biyu.

Na ce, "Wa ya ba ka awa biyun nan?"

Ya ce, "Kawu, ai na duba taswira a waya. Tsibirin gaba ɗayansa bai kai daga nan zuwa Taminus ba."

Bai yi ƙarya ba. Tsawon Gore kamar mita 900 ne, faɗinsa bai wuce 350 ba, ko mota ɗaya babu a cikinsa, kuma minti ashirin jirgin fito ke yi daga tashar jiragen ruwan Dakar. Irin lissafin da na yi ke nan a zuwana na farko, shi ya sa na ce ya ja kujera ya zauna. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku, ƙannena, don na san ba su kaɗai ke shirin hanyar Senegal ba.

Tun daga Jos na fara kwafsawa. Na je wurin ɗan canji na ce ya ba ni sefa, ya ƙirgo ya ba ni, na cusa a aljihu ban ko duba ba. Sai a Dakar mai tasi ya juya takardar gaba da baya ya miƙo mini abata. Ashe sefar Kamaru ce. Sefa iri biyu ce: ta Afirka ta Yamma, wadda Nijar da Benin da Senegal ke kashewa, da ta Afirka ta Tsakiya, ta su Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, amma wannan ba ta ciwuwa a kasuwar waccan. Ba laifin ɗan canji ba ne, sefa na ce, sefa ya ba ni. In za ku canza, ku ce irin ta Nijar. Wanda kuma ya taɓa ciniki a Maraɗi zai ji daɗin kasuwar Dakar, don yadda Hausawan Nijar ke ƙirga kuɗi da dala, wato sefa biyar-biyar, haka Wolof ma ke yi da abin da suke kira derem.

Sai na ajiye Gore a ranar ƙarshe, ranar da jirginmu zai tashi da dare. Muka makara, gosulon Dakar ya ci nasa rabon, muka isa tasha na tarar fasfona yana cikin jaka a masauki. Kuɗin tikitin jirgin kashi-kashi ne, na mazauna ƙasar daban, na sauran 'yan Afirka daban, na baƙin wasu nahiyoyi daban, kuma baƙar fata ba hujja ba ce, takarda ake nunawa. Komawa ɗauko fasfo ta cinye fiye da awa guda. Koda muka sauka a tsibirin rana ta take, Gidan Bayi, wanda dominsa kowa ke zuwa, an rufe shi don hutun rana. Muka zauna bakin ruwa muka ci shinkafa da kifi, cebu jen ɗin da suke ji da ita, muka kora da zoɓo, wanda su bisab suke ce masa. Da aka buɗe gidan, abin da ya rage mana kafin jirgin komawa bai kai rabin awa ba.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babban yana tafe.

Gidan ba shi da girma. Bangonsa ja-ja ne, kana shiga tsakar gida za ka ga matakala biyu sun lanƙwaso daga bene kamar ƙahonin rago. A sama ɗakuna ne masu faɗi da baranda, iska na kaɗawa ta ko'ina, nan masu gida suke zama. A ƙasa kuwa ɗakuna ne masu duhu da danshi, an rubuta a bakin kowanne: na maza, na mata, na yara. Ƙarƙashin matakalar akwai wasu 'yan ramuka da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, na waɗanda suka yi taurin kai. Tsakanin matakalan biyu wani siririn lungu ya miƙe, a ƙarshensa ƙofa ce buɗe, ba abin da kake gani ta cikinta sai hasken teku. Ita ake kira ƙofar da ba a dawowa.

Ni kuwa ranar na sha sabuwar shadda da zanna bukar. Ban karanta ko rubutu ɗaya a bango ba, ban tsaya sauraron mai bayani ba. Na miƙa wa abokina waya, na shige lungun, na dafa ƙofar da hannu ɗaya, na ɗaga yatsu biyu ina washe baki. Na ce ya sake, hular ta karkace. Ya sake. Har muna raha wai Alhaji ya iso ƙarshen duniya. Da na juyo sai na ga wata dattijuwa, baƙar fata daga Amurka, tsaye a bakin lungun ta jingina da bango, hawaye ya jiƙe mata wuyan riga, tana jira mu gama. Ba ta ce mana uffan ba. Matsawa ma ta yi ta ba mu hanya. Na wuce ta gefenta ina ƙamshin turare, kuma wallahi sai da muka yi nisa a cikin jirgi, tsibirin ya fara ƙanƙancewa a bayanmu, sannan abin da na yi ya sauko mini. Wurin da ita ta ƙetaro teku don ta yi wa kakanninta kuka, ni na mai da shi situdiyo. Wanda zai yi haka a Baƙi'a ko a maƙabartar unguwarsu, me za mu kira shi?

Ban hana ku ɗaukar hoto ba. Amma ku fara zagayawa da waya a aljihu, ku shiga ɗakin yaran nan ku tsaya minti biyu ba magana, sannan in har hannunku ya iya ɗaga wayar, ku ɗauka.

Zuwana na biyu kuma sai na faɗa ɗaya ramin. Kunyar farko ta sa na yi karatu, karatun kuma ya sa na zama sarkin sani. Na gano cewa masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan gidan. Mutanen da aka loda a jiragen ruwa daga Afirka zuwa nahiyar Amurka a tsawon cinikin bayi sun kai wajen miliyan 12 da rabi, amma mafi yawansu ta manyan tashoshi irin su Luwanda da Wida da Boni da Legas aka fitar da su, rabon Gore a ciki kaɗan ne. Gidan kansa sai a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 18 aka gina shi, gidan wasu attajirai ne ruwa-biyu, kuma duwatsun da ke ƙarƙashin ƙofar ba wurin da jirgi zai so ya matso ba ne. Sunan da ya yi a duniya, yawancinsa aikin mutum ɗaya ne, Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya riƙe gidan tun da aka mai da shi wurin tarihi a 1962 har rasuwarsa a 2009. A 1978 UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, daga baya manya suka yi ta zuwa: Mandela, Fafaroma John Paul na biyu a 1992, Obama a 2013.

Da wannan guzurin na shiga. Mai bayani na cikin magana ya ambaci miliyoyi, sai na ɗaga hannu a gaban jama'a, ta bakin wani ɗalibi ɗan Nijar da ke mana tafinta, na shiga zazzago masa abin da na karanta. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce a tambaye ni, to Alhaji, mutum nawa ne za su ishe ka? Na rasa ta cewa. Har gobe ina ganin alƙaluman masana sun fi nasa inganci, kuma ina so ku san su kafin ku je, kada ku dawo kuna yaɗa abin da ba haka ba. Amma an tsare mutane a tsibirin nan, an sayar da su, Faransa ba ta haramta bauta a yankunanta kwata-kwata ba sai 1848. Gardamar lissafi tana da wurinta, ba cikin ɗakin da aka rubuta "yara" a ƙofarsa ba.

A wannan zuwan ne dai, da na ba tsibirin yini guda cur, na ga abin da awa biyu ta hana ni. Raina kama ka ga gayya. Turawan Fotugal sun iso nan a 1444, 'yan Holan suka karɓa suka raɗa masa sunan da ya zama Gore, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta riƙe shi a wasu lokuta, kowa kuma ya bar sawunsa. A arewa akwai wata ganuwa zagayayya ta shekarun 1850 wadda yanzu gidan tarihin Senegal ce. A kudu tudu ne da ake kira Kastel, ka bi ta cikin itatuwan kuka da masu zane da yashi kala-kala ka hau, a sama ka tarar da manyan igwa sun yi tsatsa suna kallon teku. A ruwan da ke gabansu ne a Satumbar 1940 jiragen yaƙin Ingila da Janar de Gaulle suka zo karɓe Dakar suka koma ba nasara. Ɗan Jos ba zai yi haki a hawan ba, ko kusa bai kai duwatsun Shere ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani tsohon gini da na wuce a karon farko ban ko waiga ba. Nan makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1937. Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa ya yi karatu a nan, Modibo Keita na Mali ma haka, sai namu na kusa, Diori Hamani shugaban Nijar na farko, da Boubou Hama. Ka tsaya ka yi tunanin yaro daga ƙasar da ba ta da teku, an kawo shi kan wannan ɗan dutse ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, shekara da shekaru. A tsibirin ne kuma aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914. Sabon filin jirgin da za ku sauka, wanda aka buɗe a Disambar 2017, sunansa ne, kuma yana da nisa sosai da gari, ku sa wannan a lissafin ranar komawa.

La'asar kuwa ku yi ta a masallacin tsibirin, a gindin Kastel, ginin dutse na 1890, yana cikin tsofaffin masallatan dutse na ƙasar. Kana sujada kana jin igiyar ruwa na dukan duwatsu a bayan bango. A karon farko sallar ma sai a Dakar na haɗa ta a gurguje.

Wata 'yar gargaɗi: tun cikin jirgi mata 'yan kasuwa za su gaishe ku da fara'a, kowace ta faɗi sunanta ta ce ku leƙo rumfarta. Ni don kunya na ce wa uku in sha Allahu. Ba su manta fuska, kuma alkawari suka ɗauke shi. Na dawo da sarƙoƙin wuri da ba wanda ya sa a gidanmu.

Sauran wuraren kewaye ba sai na ja ba. Tsibirin Ngor da kwalekwale ake shiga, 'yan mintoci ne, ku sa rigar kariya ko da wani ya yi muku dariya. Kada wanda ya koyi iyo a kududdufan kuza na Rayfield ya ɗauka ya san ruwa, na gwada, igiya ɗaya ta nuna mini teku ba sa'an kududdufi ba ne, na sha gishiri na ƙoshi. Kusa da nan ne Almadi, ƙarshen nahiyar Afirka ta ɓangaren yamma. Dogon mutum-mutumin tagulla da aka ƙaddamar a 2010 kuna iya hango shi daga mota, ni bai burge ni ba. Tafkin Retba da ake tallarsa da launin hoda, launin nasa da rani ya fi fitowa, ambaliyar 2022 ma ta taɓa wanke shi, don haka ku tambaya kafin ku biya kuɗin mota.

Ɗan yayata ya karɓi biro ya soke awa biyu ya rubuta yini ɗaya, ya mai da shi gaban ranar tsaraba. Sai ya ce, "Kawu, cikin waɗanda aka fitar ta ƙofar nan akwai Hausawa?"

Na ce namu ba ta nan aka fi bi da su ba. Ta Legas da Badagiri da Wida aka fitar da su, da yawa aka kai su Bahiya ta ƙasar Burazil. A 1807 an bankaɗo shirin tawayen Hausawa a can, a watan azumin 1835 kuma bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, suka tayar a birnin Salbado, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Badagiri ma tana da tata mashigar da ba a dawowa, a tsibirin Gberefu, ba fasfo ba sefa.

Ya ce, "Ka je can?"

Na ce ban je ba tukuna.