Ranar da soket ya kama wuta a rajistara, da abinda muka gyara bayan nan

Shekarata goma sha ɗaya a sashen mulki na ma'aikatarmu, kuma wallahi kafin abin nan ya faru ban taɓa tsayawa na kalli jajayen tukwanen kashe gobaran da ke rataye a barandarmu ba, kullum dai ina wuce su. Wata safiyar hunturu ce, anyi sanyi sosai, an jona butar shayi guda biyu da hita duk a ekstenshin ɗaya a rajistara, wato ofishin da ake ajiye fayiloli, a bayan kabad ɗin fayil. Hajiyar da ke kula da rajistara ce ta fara jin ƙaurin roba, kafin ta waiga wayar ta narke wuta ta kama kwalin tsofaffin takardu. Masinjanmu ya ruga ya ciro tukunya, ya zare fil ya matsa, shiru, ko iska bata fito ba. Ya ɗauko ta biyu, itama haka. Wani har ya ɗauko bokitin ruwa zai watsa, Allah ya taimaka direba ya riƙe hannunsa ya ruga ya kashe canjoba, sannan aka danne wutar da yashin da magina suka bari a tsakar gida.

Abinda ya hanani barci daren nan ba wutar bace, ƙofar baya ce. Da hayaƙi ya cika baranda mutane suka nufi can, suka tarar da ƙaton kwaɗo, makullin yana aljihun Baba maigadi shi kuma an aikeshi siyan man janareta. Duk tagoginmu baglari ne. Mutum kusan arba'in, harda mai tsohon ciki, ƙofa ɗaya tal.

Washegari na rubuta memo, darakta yace to tunda kai ka gani kai zaka riƙe. Kuskurena na farko kenan: na zauna na lissafo komai da komai, ƙararrawar hayaƙi, sabon wayarin na ginin gaba ɗaya, tiranin a otal, kuɗi ya tashi miliyoyi. Fayil ɗin ya hau sama ya dawo da layi ɗaya da jan biro, wai a jira kasafin baɗi. Wata uku na ɓata ina bin fayil daga tebur zuwa tebur, kuma duk wannan lokacin kwaɗon nan yana nan a ƙofar baya bai motsa ba.

Sai na sauya salo, na raba abubuwan gida biyu, wanda ke buƙatar kuɗi da wanda baya buƙata, sai naga ashe yawancin abinda zai kashe mu kyauta ake gyarashi. Na sami Baba maigadi nace Baba dan Allah me yasa ake kulle ƙofar nan, yace ɗana ai umarni ne tun lokacin da aka saci firinta, idan wani abu ya ɓata ni za a kama. Kaga yana da gaskiyarsa. Muka koma wajen darakta tare, nace ranka ya daɗe a rubuta masa a takarda cewa ƙofar a buɗe take daga takwas zuwa tashi, sakata kawai za a sa ta ciki. Aka rubuta aka sa hannu, magana ta ƙare a rana ɗaya.

'Yan kwana-kwana kuwa wasiƙa ɗaya muka aika musu suka zo, kuma anan na koyi abinda ya kamata ace na sani tuntuni. Tukunyar hoda tana da agogo a wuya, allurar dole ta tsaya a kan kore, kuma hodar tana dunƙulewa idan ta daɗe a ajiye shi yasa ake juyata lokaci lokaci. Ta iskar CO2 bata da agogo, aunata ake a sikeli, ita ce ta dace da kwamfuta da kayan lantarki, kuma ba a riƙe bakin ƙahon da hannu saboda sanyinsa yana ƙona fata. A gindin wuta ake fesawa ba a saman harshenta ba. A duk shekara sai an yi musu sabis, namu kuwa takardar da ke jikinsu ta nuna rabonsu da sabis shekara shida. Suka kunna wuta a rabin duro a filin ajiye motoci kowa ya gwada da hannunsa, Hajiya ma ta gwada, hannunta na rawa amma ta kashe. Mai lantarki shi kuma ya mana lissafi mai sauƙi, soket ɗinmu na amp 13 ne, iyakarsa wajen wat 3000, buta ɗaya tana jan kusan 2000, to biyu da hita a waya ɗaya ai neman gobara ne. Bamu hana shayi ba dan nasan ba mai bin dokar, sai muka ware kusurwa ɗaya da soket na bango muka kwashe duk ekstenshin masu arha.

A da janareta a ƙarƙashin bene yake, dab da tagar ofishin akawu, da jarkokin fetur a gefensa. Mutanen ofishin sun daɗe suna kukan ciwon kai da kasala da rana muna cewa zafi ne, ashe hayaƙin ne, irin iskar nan da bata da wari bata da kala kuma tana kisa. Muka fitar dashi waje nesa da taga aka masa rumfar kwano.

Amma inda na fi jin kunya shine wajen masu shara. Kwamitin da muka kafa da farko duk manya ne masu tebur, sai da wata baiwar Allah cikin masu wanke banɗaki ta faɗi tana tari numfashi na sarƙewa sannan muka gano suna haɗa Hypo da Harpic a bokiti ɗaya dan wai yafi fitar da datti, haɗin nan kuwa iskar kulorin yake tayarwa. Ba safar hannu, ba takalmin roba, ba wanda ya taɓa faɗa musu. Daga ranar muka sa mai shara ɗaya da direba da maigadi a kwamitin, kuma su suka nuna mana tayil ɗin da ya fashe a matakala da fankar da ke lilo a ɗakin taro, abubuwan da mu bama gani.

Mun buɗe littafi a teburin shiga, duk wanda ya ji rauni ko ya kusa ji a rubuta, ba neman mai laifi. Wannan yana da amfani ko ta fuskar doka, dan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa, tace ma'aikaci ya sanar da wajen aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, yawancinmu bamu ma san da ita ba. Watan farko ba wanda ya rubuta komai saboda tsoron kweri, sai da na fara rubuta nawa, ranar da na zame a matakala.

Yanzu duk Litinin ɗin farkon wata nakan zaga da ɗan kwamiti ɗaya, minti ashirin, mu duba agogon tukwane, mu tura ƙofar baya, mu leƙa bayan kabad. Ranar 28 ga Afrilu, ranar lafiya da kariya a wajen aiki ta duniya, mukan yi atisayen fita, karon farko sai da muka ci minti tara wasu ma suna komawa ɗaukar jaka, bana minti uku da ɗan wani abu. Wayarin ɗin ginin dai har yau ba a canza ba, silin ɗin rajistara yana yoyo a kan wayoyi duk damina, na sake tura memo a karo na huɗu satin da ya wuce da hotuna a manne.