Laraba a Tawa: ni da auta da x

Yau zahi ya yi zahi, tun wajen 10 na sahe iska kamar daga bakin murhu, ga wuta an ɗauke tun azahar ba ta dawo ba sai bayan magariba. Na taso daga aiki a gajiye, na iske auta zaune bisa tabarma da kayyenta na mat, ido ya yi ja. Tana katiriyam bana, baɗi in Allah ya kai mu ita ce da BEPC, jarrabawar gama kwaleji, shi ya sa ba na wasa da zancen karatunta. An maido musu dabwar, ta samu 7 bisa 20, kuma abin da ya hi ci mata rai wai ta yi aikin duka, babu tambayar da ta bari.

Na karɓi takardar na duba. Tambayar hwarko mai sauƙi ce: 3x + 5 = 20, shin 4 solisiyon ne, wato in an saka 4 wurin x hagu da dama za su yi daidai? Abin da ta rubuta 34 + 5 = 39. Wato ta ɗauki 4 ta manna ma 3 a gehe. Na ce mata auta, 3x ɗin nan 3 sau x ne, alamar sau ɗin ce kawai ba a rubutawa. To 3 sau 4 nawa? Ta ce 12. A ƙara 5? 17. Na ce 17 da 20 ɗaya suke? Ta ce a'a. Shi ke nan 4 ba solisiyon ba ne, amsar ta ta hita daidai amma hanyar da ta bi ba ta da kyau, mushe ya ba ta rabin maki kuma bai zalunce ta ba. Na ce gwada 5. Ta yi 15 + 5, ta ɗago kai ta ce Yaya 20 ne, daidai ne ko?

Wannan "daidai ne ko?" ita ce ta tsaya mini a rai duk yinin nan. Yarinya ta gani da idonta hagu 20 dama 20, amma sai wani babba ya ce mata eh kahin ta yarda. Haka suke kusan dukansu, jan bik ɗin mushe suke jira. Alhali wanga darasi na berifikasiyon, wato gwada amsa a tabbatar, amfaninshi ke nan, shi ne wuri guda a lissahi inda ɗan lakwal zai iya sanin gaskiyar amsarshi tun yana cikin kilas, takarda ba ta bar hannunshi ba. Na ce mata daga yau in kin tambaye ni daidai ne ko, ba ni amsawa, maida lambar wurin x ki gani da kanki. Ta ɓata rai kaɗan, na bar ta.

Ta biyu ita ce ta cinye mata maki da yawa: 2x − 7 = 5x + 2, a gwada −3. Ta rubuta 2 − 3 − 7 ta samu −8, can dama 5 − 3 + 2 ta samu 4, ta ce ba solisiyon ba ne. Cutar dai guda ce da ta ɗazu, sai dai nan muwan ɗin, wato alamar ragi ta −3, ya ɓoye ta, da ka kalla sai ka ga kamar lissahi ne mai kyau. Na sa ta sake amma duk inda x yake ta buɗe parantez tukuna, kana ta saka −3 a ciki. 2 × (−3) − 7, wato −6 − 7, ya ba −13. Sai 5 × (−3) + 2, wato −15 + 2, shi ma −13. Ta yi shiru tana kallon takardar, wannan karon ba ta tambaye ni ba.

Wani abu kuma da na hana ta, rubuta = tsakanin ɓangarorin biyu tun ba ta gama ba. Na ja mata layi tsakiyar buruyon, hagu daban dama daban, sai an gama kowanne sannan a kwatanta. Ita a wurinta = yana nuhin "ga amsa nan tahe", kamar a kalkilatiris. Na ce a'a, magana ce ake yi cewa abu biyun nan daidai suke, kuma maganar tana iya zama gaskiya tana iya zama ƙarya, ya danganta da lambar da anka saka. Mushenmu na lise ya taɓa hwaɗa mana wani mutumin Birtaniya Robert Recorde ne ya hwara rubuta alamar a 1557, ya zaɓi layi biyu masu tsawo ɗaya don a ganinshi babu abu biyu da sunka hi su daidaituwa. Na ba ta labarin don ta riƙa jin nauyin alamar kahin ta rubuta ta.

Muna cikin haka Baba ya dawo daga masallaci, ya zauna yana jin mu. Shi bai yi lakwal ba, allo da littattahai ya yi, amma da ya gane abin da muke yi sai ya ce ai haka ake rabon gado. Ya ce a ce mutum ya bar jika 80, da mata ɗaya, ɗiya maza 3 da mace 1. Matar tumuni gare ta, jika 10. Saura 70, namiji rabon mata biyu, kashi 7 ke nan, mace 10 kowane namiji 20. Ya ce amma malamin kirki ba ya tashi daga wurin sai ya sake tara rabon kowa gaban magada, 10 da 10 da 60, in bai koma 80 ba to akwai haƙƙin wani a ƙasa. Na karɓi bik na rubuta ma auta 7x + 10 = 80, na ce ga maganar Baba, gwada 10. Ta gwada ta hita. Wallahi na ji daɗin wanga abu har cikin raina, don Baba kullum cewa yake karatunmu na boko ba ya gane kanshi. Na hwaɗa mishi Alkawarizmi da ya rubuta littahin aljabra a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin halifa Ma'amun, babban kashi na littahin kan gado da wasiyya ne, kuma da kalmomi ya rubuta shi babu x babu alama. Baba ya ce to ashe gida ɗaya ne.

Bayan tuwo na ba ta ta ƙarshe, x² = 9. Nan take ta ce 3, ta gwada 3 × 3 ya ba 9, ta rufe kayye. Na ce buɗe, gwada −3 da parantez ɗinki. (−3) × (−3) shi ma 9. Ta ce Yaya to wanne ne na gaskiya? Na ce duka biyun. Gwadawa tana nuna miki lambar da kika saka ta yi ko ba ta yi ba, amma ba ta ce miki babu wata ba, wannan sai an warware ekwasiyon ɗin. Ban ja zancen ba don kanta ya cika, barci ma ya hwara ɗibarta.

Jumma'a suna da wani dabwar. Na ce ta ware minti 5 na ƙarshe ta maida kowace amsa wurin x a buruyon kahin ta miƙa takarda. Gobe in na taso zan biya in sai mata sabon kayyen buruyon, wancan ya cika, sannan mu taɓa masu firaksiyon, na ga x/2 + 1 = 4 a shahi na gaba.