Tsohon da ya koya mini Italiyanci

Da tsakiyar hunturu na sauka Bologna ta ƙasar Italiya, da jaket ɗaya wadda ashe ta bazara ce. Watannin farko kamar kurma nake, ana magana ina gyaɗa kai. A ofishin takardu ma haka na yi, na cika fom ba daidai ba, aka ce in dawo bayan wata uku.

Wanke-wanke na samu a wani gidan abinci. Mai girkin, wata dattijuwa, ba ta ɗora tukunya sai waƙa na tashi, kuma mutum ɗaya take ji, Lucio Dalla. Da farko haushinsa nake ji. Murya a dishe, can sai ya watsar da kalmomi ya shiga gwalan-gwalan irin na 'yan jaz, da ma a cikinsu ya taso yana busa kilarinet. Ran nan ta tsare ni, hannuna duk kumfa, ta yi ta kwatanta mini "Piazza Grande" da hannu da ido. Waƙar 1972 ce, a bakin wani marar gida wanda dandalin gari ne ɗakinsa. Ban gaya mata na taɓa kwana biyar a tashar jirgin ƙasa ba. Cewa kawai na yi ta maimaita.

Daga nan na fara kwafe baitocinsa a bayan takardun oda, ina haddacewa a bas kamar ɗan makarantar allo.

Dalla ɗan Bologna ne. An haife shi 4 ga Maris 1943, kuma ranar ce sunan waƙar da ya kai gasar waƙa ta Sanremo a 1971, ya zo na uku. Duniya ta fi saninsa da "Caruso" ta 1986, wadda har shahararren mawaƙi Pavarotti ya rera, amma ni ba ta kama ni kamar "Piazza Grande" ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Montreux ta Suwizalan ran 1 ga Maris 2012, aka yi jana'izarsa a cocin San Petronio daidai ranar haihuwarsa. Dattijuwar na cikin cincirindon Piazza Maggiore, dandalin da ke gaban cocin, in ta tuna sai ta juya baya ta kama yankan albasa.

Ran Lahadi nakan bi ta Via d'Azeglio inda gidansa yake, in kira gida. Rannan Inna ta ji ina ciniki da mai shago, ta ce, "Kai, wa ya koya maka yaren nan haka?"

Na ce wani tsoho ne a garin.

Ta ce, "To, ka gaishe shi, Allah ya saka masa."